Kujera a Ƙofar Shagon Baba

Travnik, 9 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga ƙanwata Mubera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Fikret da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Sanyin Graz ya fara sauƙi kuwa? In kin tambaye ni, lafiyata ƙalau, sai dai haushi, shi kuwa ba a ba da maganinsa a asibiti.

Vahida matar ƙaninmu Nusret ta isar mini da saƙonki, wai in karɓi waya irin mai nuna fuska. Ba na so. Shekara talatin da tafiyarki Ostiriya takarda nake rubuta miki, ba a kan wani tari zan fara hira da madubi ba.

Kin tambayi labarin gari. Gari ya zama na matsorata. Hukuma ta ce duk wanda ya haura sittin da biyar kada ya taka waje, ni kuwa sittin da bakwai gare ni, shi ke nan aka ɗaure ni a ɗaki kamar akuya. Abin da ya rage mini tagar nan da ke kallon layin kasuwa, kuma abin da nake gani ta cikinta ya ishe ni takaici.

Waɗanda doka ta rufe wa shago ban ce musu komai ba, ba yin kansu ba ne. Masu ba ni haushi su ne waɗanda sati uku kacal suka yi a rufe har sun fara kwance kaya. Ramiz maƙerin tagulla, maƙwabcin shagonmu, shekaranjiya na gan shi a kan tsani yana cire allon da ke ɗauke da sunan kakansa. Na buɗe taga na ce, "Ramiz, lafiya? Allon ne ya kamu da korona?" Ya ɗago kai ya ce wai baƙi masu yawon buɗe ido ba za su zo bana ba, wa zai sayi buta mai zane? Na ce masa kakanka ba don Jamusawa masu gajeren wando ya kafa allon nan ba. Ya saɓa abinsa ya wuce. Namiji har namiji, ga gashin baki kamar tsintsiya! Ita ma mai hayar kayan amare ta kwashe ta koma ƙauye, wai kiwon kaji za ta yi. Allah ya ba kajin haƙuri.

Abu ɗaya ke sanyaya mini rai: shagon Baba a buɗe yake, tun da gahawa cikin kayan abinci aka sa ta. Kullum da hantsi ƙanshin suya yakan hauro layin ya shigo mini ɗaki, can in ji taɓarya tana sauka a turmin dutse, sai in san ƙaninmu Nusret yana bakin aikinsa. Da azahar in leƙa in ga ya gitta kujerar Baba mai ƙafa uku a bakin ƙofa ya tafi gida salla. Har yanzu haka ake yi a layinmu, ko kin manta? Wanda ya sa kwaɗo ya tashi ke nan. Wanda ya gitta kujera yana nan dawowa, ba mai shiga, ba mai tambayar inda ya tafi.

Ke kina can lokacin yaƙi, ba ki gani ba. A casa'in da uku, ana yi mana ruwan wuta daga kan duwatsu, gahawa ta yanke ko ƙwaya babu, Baba bai sa wa shagon nan kwaɗo ko na yini ɗaya ba. Sha'ir ya riƙa soyawa yana dakawa, mutane suna sha suna yi wa juna ƙarya cewa gahawa ce. Waɗannan su ne maza. Na yanzu kuwa atishawa ake yi a talabijin su watse.

Kin tuna yadda yake suya? Bai taɓa duba agogo ba. Ya juya gangar suyar a kan garwashi, ya rufe ido, ya ja iska, ya ce a sauke. Numfashi uku kafin nan ɗanya ce, numfashi uku bayan nan gawayi. Ya ce a cikin 'ya'yansa Nusret ne ya gaji hancin. Ni da na fi shi ji, wallahi na fi shi, tun ina 'yar shekara goma nakan faɗa daga tsakar gida cewa ta yi kafin Baba ya buɗe baki, sai aka ce hancin mace na tukunyar miya ne. To, na haƙura. Tun da yaron yana riƙe da amana, ba ni da ta cewa.

Ki gaishe mini da Fikret da kyau. Ki daina aiko mini da takunkumin fuska, ukun farkon ma gilashin taga nake gogewa da su.

Wassalam.
Yayarki,
Zumreta

Travnik, 25 ga Oktoba, 2020

Ƙanwata Mubera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida duka, da fatan kowa yana lafiya. Yaya jikin Fikret, hawan jinin ya sauka? Takardarki ta iso, na karanta, wa'azin da ke ciki ma na karanta.

Kin ce in fasa karatun mauludin da nake yi wa Baba duk shekara, wai likitoci sun ce cutar ta dawo da ƙarfi. Takardar taki ta makara, ko da ma ta zo da wuri ba fasawa zan yi ba. Jiya Asabar na yi abina. Shekara goma sha shida da rasuwarsa ban taɓa tsallakewa ba, sai bana don wani mai farar riga ya ɗaure fuska a talabijin? Mata ashirin da shida suka zo, ɗaki ya cika har bakin ƙofa, na rufe tagogi saboda sanyi. Waɗanda suka ƙi zuwa na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma zan tuna. Vahida na cikinsu, wai uwarta tsohuwa ce tana yi mata tsoro. Ni yarinya ce ke nan.

Bari ki ji na ƙaninki. Kin san shi ke kawo gahawar karatu da hannunsa, sabuwar daka. Sai ga shi ya zo fuska a naɗe, idanu kawai a waje, ya ajiye ƙunshin a kan matakala zai juya. Na ce, "Ina za ka? Karatun ubanka za ka yi wa sallama daga waje kamar mai kawo takardar wuta?" Ya ce, "Yaya, na ji kina tari." Na ce tarin kaka ne, duk shekara sai na yi shi, kai ma ka sani. Na kamo hannunsa na shigo da shi, na fizge tsumman daga fuskarsa a gaban mata, aka yi ta dariya. Mutum mai shekara hamsin da takwas yana sunkuyar da kai kamar ango.

Muka yi yadda Baba ya saba mana. Na zuba ta farko a finjalinsa mai bakin zinariya, ni babba na kurɓi rabi, na miƙa wa mai suya ya shanye. Ya tsaya yana kallon finjalin kamar guba na ba shi. Na ce ko bakin yayarka ne ya zama abin ƙyama? Sannan ya sha. Gahawar kuwa ta yi, ba zan ci amanarsa ba, har wata tsohuwa ta yi hawaye ta ce kamar Babanmu Izet ne ya dawo duniya ya soya.

Layin kasuwa sai ƙara tsiyacewa yake. Mai cukun nan na kusurwa ya sayar da firjinsa ya tafi Sloveniya tuƙin babbar mota. Wurin mai kayan amare kuwa shagon caca aka buɗe, da fitilu ja da kore, samari sun cika shi suna kallon ƙwallo baki buɗe. Kowa ka tambaya dalilinsa daban: wannan ba baƙi, wancan matarsa tana tsoro, wancan ya gaji. Ni dai dalili ɗaya na sani, lalaci. Tun da can ba son sana'ar suke yi ba, cutar nan mafaka suka samu. Ramiz yanzu yawo yake a layi hannu a aljihu, in ya gaishe ni kallon gefe nake yi.

Ki gaishe da yara. Kada ki sake rubuto mini abin da likitocin Graz suka ce, namu ma sun ishe ni.

Wassalam.
Yayarki,
Zumreta

Travnik, 6 ga Disamba, 2020

Ƙanwata Mubera,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya fama da sanyi? Mu nan dusar ƙanƙara ta rufe kan dutse tun makon jiya. Na ji an sake kulle ku a gida, Allah ya kawo ƙarshensa.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na ɗan kwanta kwana huɗu bayan mauludi. Ba wani abu ba ne, shayin ganye da zuma na sha na miƙe. Na san an riga an kai miki gulma cewa mata biyar daga cikin waɗanda suka zo gidana sun kwanta. To sai me? Matan da ba gidan suna da na biki da ba sa shiga, don me za a ce a ɗakina suka kwaso? Duk sun warke, har mai cewa ta ga kabarinta jiya na gan ta tana ciniki a wurin mai kabeji.

Nusret ma ya yi zazzaɓi, kwana goma cur yana kwance, Vahida tana ta kai-kawo kamar mai jinyar sarki. Ya tashi garau, yana ci yana sha, har ƙiba na ga ya yi. Amma tun da ya koma shago, Mubera, aiki ya lalace, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ran Litinin ta farko ina zaune sai na ji suya ta kai, na jira in ji an sauke, shiru. Ta wuce, shiru. Har ƙauri ya cika layi. Na buɗe taga na ƙwala masa kira, na ce barci kake yi ko mutuwa? Ya fito a guje da gangar tana hayaƙi, kilo biyar sun zama gawayi. Washegari kuma ya sauke ta ɗanya, mai tsami kamar ruwan wanke tukunya. Malam Sabit, tsohon shugaban makarantarmu, wanda ya shekara arba'in yana sayen gahawarmu, ya tare ni a hanya ya ce, "Zumreta, lafiya ƙaninki kuwa? Ko kun canza inda kuke saro ta?" Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na je na same shi. Ya ce itacen bana ɗanye ne. Itace! Na duba kan kanta, me zan gani? Agogon kicin irin na mata masu dafa ƙwai, mai ƙararrawa, an ajiye shi daidai inda Baba ke ajiye carbinsa. Na ce wannan fa? Ya ce don ya taimaka masa ne. Na ce in agogo ne zai yi suya, mu ɗauko ɗan Ramiz ya zauna a nan, kai ka je ka huta. Na ɗauke shi na jefa a kwandon shara.

Ni na gane abin da ke damunsa. Kwana goman nan ya ɗanɗana kwanciya, ana kawo masa miya har gado, ya ji daɗi. Yana kallon maƙwabta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa ta bi su, gangar jikin kawai ke shago. Da Baba ya ba ni sana'ar nan da ba a ga haka ba.

Ki yi masa magana, tun da ke yana jin taki. Gaisuwa ga Fikret da jikoki.

Wassalam.
Yayarki,
Zumreta

Travnik, 14 ga Fabrairu, 2021

Mubera,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyar jiki akwai, ta zuciya ce babu, don haka ki gafarce ni da gajeriyar gaisuwa.

Ƙaninki ya gudu daga shagon ubansa. Na ce ƙaninki, don ni na cire shi daga nawa.

Tun farkon Janairu na daina jin ƙanshin suya kwata-kwata. Kafin nan ma na lura yana suya da ƙyalle ninki biyu a ɗaure a hanci, shi kaɗai a shago, ba kowa, wai tsoron cuta har ya kai shi tsoron ganga. Sai suyar ta tsaya, taɓarya ta yi shiru, amma shago a buɗe, mutane suna shiga suna fitowa da ƙunshi. Na ce to, daga ina? Na sa mayafina na gangara. Akwai mutum huɗu a ciki, har da Malam Sabit. Na ce a auna mini. Ya buɗe gwangwanin Baba, babban nan mai murfin tagulla, tun kafin cokali ya shiga na ji ta. Gahawar kamfani ce, Mubera! Ta leda, irin ta babban kanti, wadda inji ya niƙa tun bara, ita ya juye a gwangwanin ubanmu yana sayar wa mutane da sunan dakan hannu.

Ban rage masa komai ba. Na ce, "Kai Nusret, ka ji kunya. Ramiz ya fi ka mutunci, shi ya cire allonsa da rana tsaka kowa na gani. Kai ka bar sunan Baba a sama kana ha'inci a ƙarƙashinsa. Mutumin da ya soya sha'ir bam na sauka, ɗansa ya kasa soya gahawa saboda mura!" Na zazzage gwangwanin a ƙasa a gabansu. Malam Sabit ya ce haba Zumreta, na ce Malam ba aji muke ba. Shi kuwa gogan abin da ya iya cewa kawai, "Yaya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba." Ba zai iya ba! Hannu biyu, ƙafa biyu, ga tumbi.

Washegari da azahar ya ja ƙofa, ya gitta kujerar Baba kamar mai zuwa salla, ya tafi. Yau kwana goma sha tara. Ko ƙarfin halin sa kwaɗo bai yi ba, ya bar kujera tana yi masa ƙarya. Na ji yana can wurin yankan katako na wan Vahida, yana jera alluna kamar lebura. Mai shagon kansa, ɗan Izet mai gahawa.

Amma kujerar ta yi mini rana. Mai shagon cacar nan, wani mai ƙamshin turare kamar gawa, yana son ya haɗa da namu ya faɗaɗa. Sau biyu yana zuwa ya tsaya a ƙofar yana leƙe. Duk rashin kunyarsa bai isa ya yi maganar haya ba muddin kujera na gitte, mutanen layi za su cinye shi ɗanye. Don haka kullum da safe nakan gangara in kakkaɓe mata ƙanƙara, in iska ta kayar da ita in tayar. Duk wanda ya tambaye ni nakan ce mai shago yana nan dawowa.

Na ga abin da kika rubuta, wai in bi shi a hankali, ban san komai ba. Me ban sani ba? Ni ke nan ina gani da idona, ke kina can ƙasar mutane kina ba da fatawa. Tun yana yaro ku ke lalata shi da tausayi, ke da Mama, Allah ya ji ƙanta. Ya zo gidana sau biyu ban buɗe ba. In bai dawo kafin azumi ba, da ƙafata zan je in karɓi mabuɗin.

Wassalam.
Zumreta

Travnik, 11 ga Afrilu, 2021

Ƙanwata Mubera,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Fikret da yara da jikoki. Yaya shirin azumi? Allah ya nuna mana da rai da lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, ko da yake ke kin riga ni sanin rabinsa.

Ran Lahadin da ta wuce na je gidan Nusret karɓar mabuɗi kamar yadda na ce. Na shirya maganganu a hanya, masu zafi, har na tanadi wadda zan rufe da ita. Tun daga bakin shinge na ji ƙaurin wake. Na tura ƙofa, gida ya ɗauka har yana shaƙe mutum. Vahida ta tafi duba uwarta ta bar masa tukunya a wuta, shi kuma yana falo ya ba kicin baya, yana gyaran rediyo hankali kwance, taku biyar tsakaninsa da murhu. Na ruga na sauke tukunyar, gindinta ya yi baƙi ƙirin. Na dawo ina masifa, na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Gida zai kama da wuta kana zaune, ba ka ji ba?"

Ya ɗago ya dube ni. Sai na gane, na zauna a hannun kujera.

Ya ce tun zazzaɓin nan bai sake jin ƙanshin komai ba. Ya tashi ya shiga shago ya sa hancinsa a buhu, kamar ya sa a ruwa. Ya yi ta gwadawa da ido, da kunne, da agogon da na jefar. A ƙarshen Disamba hancin ya fara dawowa, ya yi murna, ashe a karkace ya dawo: gahawa yanzu warin ƙonanniyar taya take yi masa haɗe da ruɓaɓɓen nama, shi ya sa yake ɗaure hanci. Likita ya ce na wasu yakan gyaru, na wasu ba ya gyaruwa. Ta ledar kuwa, ya ce ya san abin kunya ne, so yake ƙofa ta zauna a buɗe ko hancin zai dawo kafin a gane.

Na ce to don me ba ka faɗa mini ba, ka bar ni ina zaginka a gaban mutane? Ya ce, "Yaya, da na faɗa miki da kin tambaye ni yaushe ya fara."

A hanyar gida na tambayi kaina. Asabar na miƙa masa finjali, Laraba ya kwanta. Ya ce mini ina tari, na fizge masa ƙyalle mata suna dariya. Ke kuma Vahida ta faɗa miki tun Disamba, kuka haɗa baki ku uku kuna lallaɓa ni kamar ƙwai, kuka bar ni ina ta haushi a taga wata biyar. Ban yafe miki wannan ba tukuna.

Amma kin san ni da taurin kai. Na ce ai da sauran dabara: ni in zama hanci, shi ya zama hannu. Ran Talata na buɗe shagon, na hura garwashi, na juya gangar da kaina. Na rufe ido, na ja iska, na sauke. Na zo daka na kasa ɗaga taɓaryar ƙarfen nan ko sau biyar. Ina tsaye ina haki sai ga Ramiz a bakin ƙofa, ya tuɓe kwat ya karɓa ya dake ta tas. Mubera, gahawar ta yi. Hancin tukunyar miya ya soya irin ta Baba a gwajin farko, ina da shekara sittin da takwas, kuma ba wanda zan nuna wa.

Na kai wa Nusret da yamma, da finjalin mai bakin zinariya a jakata. Na dafa a kicin ɗinsu, na zuba masa shi kaɗai, ban kurɓa ba. Ina ta zuba bayanin yadda za mu yi, ko duban fuskarsa ban yi ba. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye har ƙasa, ya ce, "Kamar ta Baba, Yaya." Sai ya ce bari ya ɗebo itace. Vahida ta buɗe famfo tana wanke-wanke da ƙarfi, tana buga kwanuka, amma tagar baya a buɗe take. Na ji shi a bayan rumfar itace yana amai kamar zai fitar da hanjinsa. Ya dawo ya wanke fuska, da itace uku a hannu, yana murmushi, ya ce in ina so ran Litinin zai zo ya juya mini gangar.

Sau biyu ke nan ina miƙa wa yaron nan finjali ɗaya yana sha don kada in ji kunya. Na ce masa a'a, ka zauna a wurin katakonka. Ban iya ce masa ya yafe mini ba, bakina bai saba ba, hannunsa kawai na riƙe har Vahida ta kashe famfo.

Ni kaɗai ba zan iya ba, suya ɗayan nan kwana uku kafaɗata ba ta ɗaguwa. Jiya da azahar, lokacin da layi ke cike, na gangara na ɗauke kujerar daga bakin ƙofa, na sa kwaɗo da hannuna. Abin da bam bai sa Baba ya yi ba, ni na yi. Mai cacar yana tsaye yana kallo, na ce masa ko a mafarki, ɓeraye ma sun fi shi cancanta. Ramiz ya karɓi kujerar ya rako ni da ita har matakala. Na so in tambaye shi ainihin abin da ya sa ya cire allonsa bara, sai na fasa, na ji tsoron kada ya faɗa mini.

Kada ki rubuto kina ba ni haƙuri, kada kuma ki ce ƙaddara ce, na san ƙaddara na kuma san hannuna. Kujerar tana nan gefen taga, a kanta nake rubuta miki. Da hantsin yau na buɗe tagar kamar kullum, na ji burodin gidan ƙasa, na ji hayaƙin mota, na ji turaren mai caca tun daga kusurwa. Hancina lafiya lau yake, Mubera, komai ina ji.

Ki sa Nusret a addu'ar buɗa-baki. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam.
Yayarki,
Zumreta